Daga Gandun En'e zuwa Masu Fulawa na Bakin Titi

Gandun dashe na bakin titi wuri ne da ake renon ƙananan itatuwa da furanni a cikin leda ko tukunya har su isa sayarwa. A Kano da Kaduna da Jos da Abuja da wuya mutum ya bi babban titi mai tsawo bai ga ɗaya ba. Galibi yakan zauna ne a ragowar filin da ke tsakanin kwalta da katangar wata ma'aikata, ko a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki inda aka hana gini, ko a gaɓar rafi saboda sauƙin ruwa. Kusa da shi, wani lokaci ma a fili ɗaya, akwai masu sayar da yashi da tsakuwa da baƙar ƙasa da bulon shimfiɗa da ake kira intalok. Mai sayensu ɗaya ne: wanda ya gama gini, ya juyo kan gyaran tsakar gida da ƙofar gida.

Wanda ya tsaya a irin wannan wuri zai ga an jera kayan ne bisa ga abin da ke tsayar da mota. A sahun gaba, daf da titi, akwai masu launi: ja da rawaya da shunayya, da tukwanen siminti da aka shafa wa fenti. Bayansu akwai tsirran shinge da aka aske kansu daidai wa daida, sai dogayen itatuwan ado. Can ciki ne ake samun mangwaro da lemo da gwaiba. A ƙurya kuma, ƙarƙashin rumfar zana ko ta raga, nan ainihin aikin yake: tulin ƙasa da aka tankaɗe, yara biyu ko uku suna ɗura ta a leda, ganga ko rijiya, da layukan tsiron da bai fi tsawon yatsa ba. Mutanen gari ba su cika kiran wurin gandu ba, sai dai su ce wajen masu fulawa, ko da rabin abin da ke ciki itatuwa ne.

Wannan kasuwa sabuwa ce. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin darajar itace, shaida kuwa tana nan a sunayen unguwannin Kano kaɗai: Durumin Iya, Kurna, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka, Rijiyar Lemo. Amma mafi yawan itatuwan da suka ba wurare suna ba sayo su aka yi ba. Kuka da ɗorawa da kaɗanya da kanya da gawo kan fito da kansu a gona, manomi ya ƙyale su lokacin sassabe, su girma su zama dukiyar da ake gado, har a yi shari'a a kan wanda ke da 'ya'yansu. Waɗanda ake dasawa da hannu kuwa, irin su ceɗiya da durumi da zogale da dashi, reshe ake sarowa a kafa a ƙasa da farkon damina. Mai neman reshen ba ya zuwa da kuɗi, gaisuwa ce da godiya. Lalle ana shuka shi a bayan gida, bini-da-zugu a iyakar gona. Abin da ya fi kama da cinikin tsiro a wancan zamani shi ne na masu lambu, waɗanda ke yafa irin albasa da tumatir da tattasai a fangali, su ba shi ruwa da jigo, idan ya isa dashe su tuge su ɗaure dami-dami su kai kasuwa. Wannan ciniki yana nan har yau, bai kuma haɗu da na masu fulawa ba.

Cinikin ƙasa ya fi na tsiro tsufa nesa ba kusa ba. Kududdufan tsohon birnin Kano ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, kuma jakai ne suka yi dakonta a mangala ƙarni bayan ƙarni. Jakan nan ne da rani suke fitar da takin birni, toka da shara da kashin dabbobi, zuwa gonakin da ke kewaye da gari, su dawo da itacen wuta ko kara. Shimfiɗar tsakar gida ma tana da nata gwanaye. Daɓe aikin mata ne na gayya: a zuba ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da maɗaɓi har ta kwanta, sannan a bi ta da ruwan makuba, wanda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ta yi ƙarfi da sheƙi. Inda ba a yi daɓe ba sai a malala farin yashi. Duk biyun suna barin ƙasa ta sha ruwa, ko da kaɗan ne.

Renon itace a gandu don rabawa ya zo ne da ma'aikatar daji ta zamanin Turawa. Dokokin daji na 1916 da 1937 sun ba hukuma ikon keɓe gandun daji, En'e-En'e, wato hukumomin gargajiya, kuma suka buɗe sassan daji nasu, da malaman daji da leburori da ƙananan wuraren reno. Itacen da ya fi cin moriyar wannan tsari shi ne darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Asalinta daga yankin Indiya ne, ta biyo ta ƙasar da ake kira Ghana a yau, aka fara dasa ta a lardin Borno a 1928. Ta jure fari, awaki ba su cika damunta ba saboda ɗaci, jemagu da tsuntsaye kuma suka ɗauki nauyin yaɗa irinta kyauta. Da tafiya ta yi tafiya ta rufe titunan Maiduguri, ta shiga kasuwanni da makarantu da maƙabartu, har yaro ya tashi yana ɗaukarta 'yar gida. Itacen turare daga Ostareliya da malaina daga Asiya sun biyo bayanta, su kuma don katako da turakun gini.

A gefe guda, unguwannin Turawa irin su Nasarawa a Kano sun kawo wani abu daban, wato shuka don ado kawai. Filayen gidajen manya ne, an dasa masu furanni da shinge da ciyawa, an ɗauki gadina yana yi musu hidima. A hannun waɗannan ma'aikata da leburorin ma'aikatar daji ne sanin yankan reshe da haɗa ƙasa da askin shinge ya fara zama sana'a, kuma daga gare su ya gangaro. Talaka dai bai ga dalilin ɓata ruwa a kan abin da ba a ci, ba a sha a magani, ba a kuma zama a inuwarsa.

Farin farkon shekarun 1970, da wanda ya sake biyowa a tsakiyar shekarun 1980, su suka mai da gandun gwamnati babbar harka. Maganar gurgusowar hamada ta shiga rediyo. Aka kafa gandaye a jihohin da ke iyaka da Nijar, aka dasa layukan turare masu kare iska a wurare irin su ƙasar Dambatta. A Nijar kuma, a kwarin Majiya, an fara jera darbejiya layi bibbiyu a tsakanin gonaki tun 1975 tare da ƙungiyar CARE. Kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa, babban baƙo ya dasa guda ɗaya a gaban kyamara, a raba dubbai kyauta. An samu itatuwa ta wannan hanya, wasunsu suna tsaye har yanzu. An kuma yi asara mai yawa, domin ƙidayar da ake kai wa ofis ta abin da aka raba ce, ba ta abin da ya ga damina ta biyu ba. Dashen da aka karɓa kyauta a bayan mota ba kowa ke yi masa shinge ba, akuya da gara da hunturu kuwa ba sa jira.

A cikin wannan zamani ne wani ƙaramin abu ya yaɗu wanda ya sauya sana'ar gaba ɗaya, wato baƙar ledar reno. Kafin ta, ana renon tsiro ne a fangali, idan lokacin dashe ya yi a tuge shi, a datse kai da saiwa, a garzaya da shi gona kafin ya bushe. Hakan na nufin ba a iya ajiye shi ana jiran mai saye, ba a iya kai shi nesa, kuma kwanakin dashe ƙidayayyu ne a shekara. Matsalar ba ta nan kaɗai ba ce. A Turai ma, a da, da kaka da hunturu kawai ake sayar da itace, tsirara ba ƙasa a saiwarsa. Masu gandu a Kalifoniya ta Amurka ne suka yawaita renon tsiro a cikin gwangwanayen abinci da aka zubar, dabarar ta ƙetara zuwa Ingila, inda ake yawan ambaton gandun iyalin Stewarts na yankin Dorset a matsayin wanda ya fara buɗe kantin lambu irin na zamani a 1955. Robar da ake yin leda da ita kuwa an gano ta a Ingila tun 1933, amma sai da ta yi araha ta iso gandayen Afirka, a wajajen shekarun 1960. Da zarar tsiro ya samu ƙasarsa a jikinsa, sai ya zama haja kamar kowace: a jera shi a bakin hanya, a yi tayi, a ɗora a bayan babur, a dasa ko da watan Maris in dai akwai ruwa. Duk wanda ke da ɗan fili da rijiya da leda ɗari biyu zai iya fara sana'ar. Da ruwan leda ya yaɗu a shekarun 1990, har kuɗin ledar ya faɗi, domin yara na tsinto wadda aka sha aka yar, a yanke bakinta, a huda gindinta.

Aikin cikin gandu yana da lokacinsa. Mai son ya sayar da itace a Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta zauna, tun Fabrairu ko Maris yake shuka. Ana haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, wasu su ƙara buntun shinkafa don ta yi sakwa-sakwa. Takin da bai ruɓe ba, musamman kashin kaji, ƙona tsiro yake yi. Kowane iri da halinsa: na darbejiya ba ya ajiyuwa, cikin 'yan makonni yake mutuwa, don haka sabo ake tsinta a shuka, na kuka da ɗorawa da bagaruwa kuwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an jiƙa a ruwan zafi ko an ɗan kankare kafin su tsaga. Sannan akwai aikin da mai saye ba ya gani, wato ɗaga leda. Bayan 'yan makonni saiwa takan fito ta hudar gindi ta kama ƙasa, sai a bi layi ana ɗaga kowace leda ana datse abin da ya fito. Idan aka yi sakaci, tsiron zai yi kore shar fiye da 'yan'uwansa, ya fi ɗaukar ido, amma ranar da aka fizge shi aka sayar rabin saiwarsa a gandu za ta tsaya, kafin mako ya yi yaushi. Wanda ya daɗe a leda fiye da kima kuma saiwarsa naɗewa take yi kamar gammo, ko an dasa shi a fili ba ta warwarewa, sai itacen ya tsumbure ko iska ta kayar da shi bayan shekaru. Shi ya sa masu sani ba sa zaɓar mafi tsawo a layi. Sukan ɗaga ledar su duba gindinta, su zaɓi mai kaurin jiki wanda tsawonsa bai wuce na ledar ninki biyu ko uku ba.

Leda ta ba da hanya, amma birni ne ya kawo masu saye. Ginin Abuja, wanda aka yanke shawararsa a 1976, aka kuma tare a ranar 12 ga Disamba 1991, ya buɗe kasuwar da ba a taɓa gani ba: tituna masu tsibiri a tsakiya, otal-otal, ofisoshin jakadanci, rukunin gidaje, da wuraren shaƙatawa irin su Millennium Park da aka buɗe a 2003. Kowane ɗan kwangila yana neman tsiro dubu a lokaci ɗaya. Daga can salon ya bazu. Wanda ya je Abuja ya ga ƙofar gida da jerin itatuwa masu tsini, ya dawo Gusau ko Bauchi yana neman irinsu.

Abin da aka fi saye a yau yana nuna yadda gidan kansa ya sauya. Fili mai ƙafa 50 da 100 shi ne ma'auni a shimfiɗar gwamnati, a unguwannin awon igiya kuwa bai kai haka ba, kuma gini ya cinye kusan duka. Babu wurin rimi ko gamji. Ga tsoron saiwa, wadda ake zargi da fasa harsashin gini da shiga masai, ga ƙorafin sharar ganye. Itacen da ya dace da wannan hali shi ne maskwared, ɗan asalin Indiya da Siri Lanka, wanda ke miƙewa sama sak, rassansa a zube a jikinsa, ba ya taɓa katanga. Kyau yana da shi. Inuwarsa dai ba ta isa a shimfiɗa tabarma ba, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Na biyunsa shi ne wanda ake kira setilayit, ɗan Madagaska, mai rassa hawa-hawa. Shi yana da inuwa, kuma yana saurin girma, amma saiwarsa a sama-sama take tafiya, tana ɗaga shimfiɗar tsakar gida. Da yawa sun sare darbejiyar da suka tarar don gudun saiwa, suka sayo wanda ya fi ta ɓarna ta wannan fuska.

Furanni da tsirran shinge da dama daga kudu ake lodo su, inda ruwa da raɓa suka wadata. Suna isowa da kyansu, sai hunturu na farko ya nuna wanda zai zauna. Iksora, misali, tana son ƙasa mai ɗan tsami, idan aka daɗe ana ba ta ruwan rijiya mai kanwa-kanwa sai ganyenta ya koma rawaya. Wardi ya fi jin daɗin Jos, mai tudun kusan mita 1,200. Boganbiliya, 'yar Kudancin Amurka, ita ce ta samu gida sosai, domin da rani ma take fure, idan ruwa ya yi mata yawa sai ta koma ganye zalla. Akwai kuma 'yan gida da suka dawo da sabon farashi. Kariya, wadda ke fitowa a dajin Arewa ba mai kula ta, yanzu tana zaune a tukunya mai fenti. Kiri-kiri da manomi ke yaƙi da ita da fartanya ana sayar da ita a buhu don shimfiɗa filin ƙwallo da harabar ofis.

Inda sana'ar ta kawo alheri da ba a jayayya a kansa shi ne itatuwan marmari masu aure. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara biyar zuwa takwas kafin ya fara, kuma a wasu ire-iren ba tabbas ya gaji uwarsa. Idan aka yanko reshen iri mai kyau aka haɗa shi da gindin na gida mai jure wahala, aka naɗe mahaɗar da leda har ta kama, cikin shekara uku ko huɗu ake cin 'ya'yansa, kuma itacen ba ya yin girman da zai gagari ƙaramin gida. Haka ake yi wa lemo, sai dai shi ido ɗaya ake ɗaukowa a saka a ƙarƙashin ɓawon gindin. Sunaye irin su Binta suga da paparanda da Juli da Fita sun shiga bakin masu saye. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda, cibiyar binciken kwakwar manja kuma tana da tashar dabino a Dutse. Dabino yana da tasa matsala: namiji daban, mace daban, kuma wanda aka shuka daga ƙwallo kusan rabi maza ne, ba a kuma ganewa sai ya yi fure bayan shekaru. Hanyar da ta tabbata ita ce ɓallo ɗan da ya fito a gindin uwar da aka sani.

A cinikin itatuwa masu aure ne kuma algus ya fi yawa, saboda mai aure ya ninka marar aure a kuɗi. Akan samu wanda aka ɗan tsaga jikinsa aka naɗa masa leda kawai. Auren gaske yana barin tabo mai kumburi a mahaɗa, sau da yawa launin ɓawon sama da na ƙasa ba ɗaya ba ne. Ko an samu na gasken, aiki bai ƙare ba: duk tohon da ya fito a ƙasa da mahaɗa na gindin ne, in ba a cire shi ba zai rinjayi na sama, mai gida ya wayi gari da lemon tsami a inda ya biya kuɗin na zaƙi.

Filin yashi da dutse shi ne rabin kasuwar nan da ya fi juya kuɗi. Tifa ta karɓi aikin jaki, ma'auni ya tashi daga mangala ya koma tifa da baro da buhu. Yashi iri biyu ne a bakin magina, mai laushi na filasta da mai kaifi na kankare da bulo, kuma a Kano daga kogin Challawa da wajen Wudil ake ɗebo mafi yawansa. Tsakuwa daga wuraren fasa dutse take zuwa, irin na Mpape a Abuja, an tace ta gwargwadon girma, har garin dutsen ma ana sayarwa. Jar ƙasa da burji na ciko ne. Baƙar ƙasa kuwa, wadda mai fulawa ba ya aiki sai da ita, tushenta biyu ne. Ko dai an kankaro ta daga fadama da gonakin bayan gari, ko an haƙo ta daga tsohon juji. Ta juji tana da ƙarfi, amma tana zuwa da fasassun kwalabe da leda da matattun batura, abin da ya kamata mai niyyar shuka alayyafo ko latas ya yi la'akari da shi. Ta gona kuma fatar ƙasa ce da ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin 'yan santimita su taru, tifa ɗaya ta kwashe ta da hantsi. Jakan da suka kai takin birni ƙauye sun tafi, yanzu ƙasar ƙauye ce ke shigowa birni.

Intalok ya samo asali ne daga Holan da Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a nan kuma ya zama alamar gidan da aka gama. A gefen titi ake buga shi. Ana shafa wa mazubin roba baƙin mai, a zuba kwaɓin siminti da garin dutse, a girgiza don iska ta fita, a bar shi ya kwana, a fitar, a yi ta ba shi ruwa na kwanaki. Mai kaurin santimita 6 na tsakar gida ne da ƙananan motoci, mai 8 na inda manyan motoci ke bi. Ingancinsa ya dogara ga yawan guda da aka fitar daga buhun siminti ɗaya, kuma tun da siminti ya yi tsada ake ta jan buhun. Wanda aka ja da yawa da farce ma ana kankare gefensa. Amfaninsa a fili yake: ba caɓi da damina, ba ƙura da rani, idan bututu ya fashe a ɗaga a gyara a mayar. Ruwa zai iya bi ta tsakanin bulo ya shiga ƙasa, amma masu shimfiɗawa sun saba malala leda a ƙarƙashi don hana ciyawa fitowa. Da wannan ledar, duk ruwan da ya sauka a gidan titi yake nufa. Gida ɗaya ba komai ba ne. Unguwa guda ta yi haka, ga kududdufan da ke karɓar ruwa an cike su an yi gini, sai ruwan awa ɗaya ya fi ƙarfin lambatu. Da rani kuma simintin yana shan rana tun safe, ya riƙa mayar da zafin har bayan isha'i.

Ruwa ne ke yanke hukunci a kan duk abin da aka saya. Damina a Kano wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara sai abin da aka ɗebo. A tsakiyar bazara murabba'in mita ɗaya na ciyawa yana buƙatar lita 5 zuwa 7 a rana, wato harabar da ta kai murabba'in mita 100 za ta sha fiye da jarka 20 ta 'yan garuwa kullum. Wannan ya sa koren fili ya zama na mai rijiyar burtsatse, kuma ya buɗe ƙofa ga sabuwar haja a filayen nan: ciyawar roba da furannin roba, waɗanda ake auna su da mita kamar darduma. Itace kuwa shekara biyu ko uku na farko ne yake neman ban-ruwa da kariya, daga nan ya nemi nasa.

Itatuwan gida sun fara samun ɗan gurbi a layin baya. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma da doka a 2015 don jihohi 11 na Arewa, ya ƙara neman bagaruwa da ɗakwara da aduwa da kuka. Ƙungiyoyin matasa masu dashe a makarantu da maƙabartu su ma suna saye da yawa. Duk da haka mai gandu ɗan kasuwa ne. Ɗorawa ko kaɗanya za ta daɗe a leda tana cin ruwa ba ta yi tsawon da zai burge kowa ba, maskwared kuwa cikin watanni ya tashi ya tafi. A ƙasar Maraɗi ma an nuna tun daga 1983 cewa itatuwan gona ba lallai su bi ta gandu ba: dabarar da ake kira sassaben zamani, wato barin tohon tsofaffin kututture a rage shi a rene shi, ta mayar da itatuwa a miliyoyin kadada a kudancin Nijar ba tare da leda ko ɗaya ba. Gandu ya fi amfani a inda babu kututturen da zai toho, kamar cikin gari da sabuwar gonar marmari.

Ciniki kansa ya koma waya. Ana tura hoto ta WhatsApp, a biya ta banki, mai adaidaita sahu ya kai kaya. Wasu masu gandun sun zama 'yan kwangila: su zana fili, su kawo ƙasa da intalok da tsiro, su bar yaro yana zuwa aski da ban-ruwa a kan kuɗin wata. Wasu suna ba da hayar tukwanen fure ga masu ƙawata wuraren biki. Akwai kwalejin koyar da aikin lambu ta tarayya a Dadin Kowa ta jihar Gombe, amma mafi yawan masu sana'ar a hannun ubangida suka koya, daga ɗurin leda zuwa aure. Kaɗan ne ke da takardar filin da suke zaune a kai, don haka ba sa gina tanki ko rumfa mai ɗorewa, kuma duk faɗaɗa titi yana tashin wasunsu. Tsiron da suke sayarwa ba ya ɗauke da takardar suna ko shaidar iri, mai saye da maganar mai gandu kawai yake tafiya. Masu dasa gona guda ta mangwaro ko lemo, waɗanda kuskure zai ci musu shekara huɗu, sukan nufi cibiyoyin bincike, ko su nemi mai gandun da zai kai su su ga uwar da ya yanko reshen a jikinta.